Ranar da Na Ajiye Cokula a Teburin Shayi

Hannunta na fara gani. Ina kan matakalar nan mai tafiya da kanta, zan sauka in kama jirgin ƙasa a tashar KL Sentral ta Kuala Lumpur, sai idona ya faɗa kan wani siririn baƙin hannu mai awarwaro guda ɗaya, riƙe da biskit a saman ɗan ƙaramin kofi. Hannun ya sauka a hankali, rabin biskit ɗin ya nutse, ya ɗan jima, sannan ya taso. Biskit ɗin ya yi duhu, ya lanƙwasa kamar zai faɗi, bai faɗi ba. Wasu 'yan mata uku cikin kayan makaranta, da suka riga suka wuce teburin, suka dawo da baya. Ni ma da na sauka sai na bi su. Jirgi biyu ya tafi ya bar ni.

A lokacin ina shekarar ƙarshe ta digirina na biyu, kaina cike da littattafan soyayyar da na taso ina saye a kasuwar Sabon Gari, har rabin akwati na zo da su ƙasar nan. A cikin littattafan, idan mace ta tsaya cak a tsakiyar jama'a, to wani kyakkyawan saurayi ta hango. Ni wata Ba'indiya mai furfura na hango tana jiƙa biskit. Sunanta Saroja, kowa Anti yake ce mata, kuma ita ta koya mini sana'ar da nake ci da ita shekara goma sha uku ke nan, wato tallan shayi a gaban jama'a.

Saboda ku nake wannan rubutu, ku ɗalibanmu 'yan unguwar Wangsa Maju da kuke damuna da saƙo duk lokacin hutu. Anti Hajara a ba mu aikin nan mana, ai tsoma biskit ne kawai. Wata a cikinku har ce mini ta yi ƙaninta mai shekara uku ma zai iya. Na ba ta kofi da biskit. Tana cikin gyara fuska don wayar ƙawarta, rabin biskit ɗin ya ɓalle ya faɗa, shayi ya fallatsar mata a farin mayafi. Ta ce biskit ɗin ne ba shi da kyau. Duk haka kuke cewa.

Kamfanin da nake wa aiki ƙarami ne, na wani ɗan China da ake kira Mista Lim, yana shigo da ganyen shayi mai zare da biskit daga Ingila. Damuwarsa ɗaya ce tun da na san shi. Matasan garin nan shayi mai ƙanƙara da ƙwallayen rogo suke sha da faffaɗan tsinke, shayi mai zafi kuwa a wurinsu na kakanni ne. Sai ya ce tun da ba za su sayi shayin ba, a sayar musu da wasan da Turawan Ingila suke yi da shi, na tsoma biskit a ciro kafin ya narke. Anti Saroja takan yi dariyar abin idan muna mu biyu. Ta ce Malayawa tun kakanninsu suke tsoma busasshen biskit a kopi, wato gahawarsu, ka shiga kowane kedai, shagon mai shayi, da safe ka gani. Na ce mata mu ma ba mu san ranar da muka fara tsoma burodi a shayi ba. Ta ce to aikinmu ke nan, mu sayar wa yaro al'adar kakarsa, amma mu ce masa daga Landan ta zo. Ita ba a takarda ta koya ba. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana dafa wa wani Bature manajan gonar roba, a nan ta ga yadda suke yi tana ƙarama, daga bakin ƙofar kicin.

Ranar farko ta kai ni ɗakin ajiyar kamfanin a unguwar Brickfields, a saman wani shagon sayar da sari, zanen matan Indiya. Ta zuba mini shayi, ta turo mini fakitin biskit, ta ce in yi yadda nake yi a gida. Ni kuwa shekara shida na yi a makarantar kwana. Na marmasa biskit huɗu a ciki, na jira suka kumbura, na ce ta ba ni cokali. Ta leƙa kofin, ta dube ni, ta tambaya ko ba ni da lafiya ne, don a wurinsu mai jinya ake dama wa irin wannan. Daga nan ta ba ni dokar farko, ta ce ko na manta sunanta kada in manta da ita: ba a ajiye cokali a teburin talla. Duk wanda ya ga cokali zai juya, wanda ya juya zai dama, wanda ya dama kuma ya daina kallon hannunka. Cokali ɗaya ne tak, yana aljihun rigar aiki, na tsamo guntun da ya faɗa ne, kuma mai saye bai kamata ya san da shi ba sai ya gan shi a cikin kofinsa.

Sati biyu na yi a ɗakin nan ina tsomawa, ba wanda na yi wa magana. Biskit iri huɗu muke da su, kowanne da halinsa. Mai kauri na alkama kamar dattijon arziki yake a ido, amma shi ya fi saurin cin amana, daƙiƙa uku ya wuce sai dai a tsamo. Siririn mara komai, wanda ba wanda yake kallo, ya fi shi jimiri. Na citta taurin kai gare shi, sai ka ƙirga shida ko bakwai yana nan. Mai cakulan ana tsoma shi ne a karkace, cakulan yana sama, in ba haka ba yatsunka su ɓaci a gaban mutane. Duk wanda na karya, Anti ta ce ni zan shanye kofin, don ba a zubar da kaya. Na sha kunun biskit a satin nan har na daina cin abincin dare.

Ba agogo ake dubawa ba. Yatsa ke ji. Akwai wani ɗan nauyi da biskit yake ƙarawa idan ya sha daidai, kamar tsuntsu ne ya sauka a kan reshe, to a lokacin ake cirowa. A ciro a miƙe, a juya shi ɓangaren da ya jiƙe ya koma sama, sannan a kai baki. Wanda ya ciro a kwance ya gama yawo. Wannan ba ya koyuwa a waya, ko za ku kalli bidiyo ɗari.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Butar lantarki, fulas biyu, gwangwanaye masu murfin roba, ƙananan kofuna, tire, safar hannu, da tsumma biyu, ɗaya na tebur ɗaya na hannu. Ruwan da aka tafasa sau biyu ba ya shayi, salam yake fitowa. A cikin katafaren kanti esi yakan kashe zafin kofi cikin mintina kaɗan, shayi mai ɗumi kuma ba ya ratsa biskit, sai dai ya jiƙa bayansa ya bar cikinsa da tauri, don haka ba a zubawa sai mutum ya tsaya. Kofi kuma ƙarami ne da gangan, kurɓa uku. Bakinsa ya isa biskit ya shiga, zurfinsa kada ya isa a nutsar da shi duka. Tambarin halal na fakiti kullum yana fuskantar jama'a. Miƙawa da hannun dama, ko wane ne a gabanka.

Wani aiki da muka yi a bakin tafkin Titiwangsa shi ya koya mini tsoron iskar garin nan. Ranar Lahadi ce da safe, matasa sun fito gudu. Na ga teburin ya yi mini fayau, sai na jera biskit a tire uku, na yi musu zagaye kamar fure, ina jin daɗin kaina. Kafin awa ɗaya laima ta shige su, duk wanda aka tsoma sai ya zube tun bai taɓa shayi sosai ba. Anti ba ta yi faɗa ba. Ta sa na kwashe su a leda na kai wa masu shara, sannan ta nuna mini yadda take yi: biskit shida kawai a waje, sauran a gwangwani, murfi a rufe, hannu ɗaya a kan murfin kamar mai tsare sirri.

Masu saye kuma kowa da irin tasa. 'Yan matan Malayawa a ƙungiya suke zuwa, sai ka samu wadda sauran suke kallo ka ba ta kofin farko, in ta yi dariya ka sayar wa biyar. Samarin China sukari suke fara tambaya. Na Indiya za su ce shayin ba shi da ƙarfi, su tsaya musu, mai musu kuwa ya riga ya tsaya, saura kaɗan. Tsofaffi suna zuwa shan na banza, ba su muke nema ba, amma Anti ta hana a kore su, ta ce tebur mai mutane shi ke kiran mutane. 'Yan gidanmu, ku ke nan, tambayarku ɗaya: Anti, boleh tapau? A ƙunsa muku ku tafi da shi ɗaki.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa, a wani kanti kusa da Setapak. Ta zo da saurayinta, da gani farkon fitarsu ke nan, sai sunkuyar da kai take tana murmushi. Irin su na sha karantawa, har na fara tsara musu ƙarshen labari a raina. Ta tsoma na alkama, ta tsaya kallonsa, biskit ya faɗa. Fuskarta ta canza, ta fara neman hanyar gudu. Kafin saurayin ya buɗe baki, na Anti ma ya faɗa a nata kofin, tsulum. Shekara ashirin tana aikin, ban taɓa ganin ya faɗa mata ba. Ta dafe kai ta ce yau shayin nan mugunta yake ji. Suka yi dariya su uku, aka sake, yaran suka tafi da fakiti biyu. Da suka wuce ta ce mini, ba a barin mai saye ya ji kunya shi kaɗai.

Mummunar shekarar ita ce wadda aka buɗe gari bayan kullen annoba. Kusan shekara biyu ba a yarda a miƙa wa baƙo abin ci a kanti ba, sana'armu ta mutu a tsaye. Mu shida ne masu talla a da, muka koma ni da Anti, muna naɗe kwali a ɗakin ajiya. Da aka dawo, Mista Lim ya kira mu ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa mutum ɗaya zai iya riƙewa. Takardar izinin aikina a hannun kamfanin take, saura wata biyu ta ƙare. In ba a sabunta ba, ni da 'yata sai Kano, yarinyar da aka haifa a nan, tana aji biyar, wadda in na yi mata Hausa take amsa mini da Malayanci. Anti kuma a lokacin ta haura sittin, ba wanda zai ɗauke ta wani wuri.

A cikin wannan hali ya ɗauko Nazifi. Dogo ne, wankan tarwaɗa, da saje kwantacce da idanu masu lumshewa, irin wanda a littafi yake fitowa daga baƙar mota ƙamshinsa ya riga shi isowa. Da na fara ganinsa na ce yau ga shafi na ɗaya ya shigo ofis da ƙafarsa. Sai ya yi magana. Shekara ɗaya ya yi a Ingila, ya dawo da mayafin wuya na ulu da yake naɗawa a zafin Kuala Lumpur, da wani Turanci da yake fitowa ta hanci. Ɗan Zariya ne, amma in na gaishe shi da Hausa sai ya duba ko akwai mai ji kafin ya amsa. Bai taɓa tsayawa a bayan tebur ba ko na minti goma. Ya gaya wa Mista Lim cewa zamanin tsayawa a kanti ya wuce, abin da ake so shi ne babban taro a harabar wata jami'a, da gasar tsoma biskit, da masu kyamara, bidiyon ya zaga wayoyi. Ya ce wata Baturiya daga kamfanin da ke aiko mana da biskit za ta biyo ta garin, za a gayyace ta ta gani. Mista Lim ya ce to, bayan taron zai yanke wadda za ta zauna.

A gaban Anti, Nazifi ya ce furfura ba ta sayar wa matasa kaya, don haka ita tana bayan labule wajen ruwan zafi da wanke-wanke, ni ce a gaba. Ta ce boleh, wato ba damuwa, ta ci gaba da goge fulas. Ni kuma ya ba ni aiki na musamman. Yana son teburin gaba, wanda kyamara za ta fi ɗauka, ya cika da baƙaƙen fata, don a ga abin na duniya ne. In nemo masa 'yan Najeriya goma sha biyu.

Na bi ɗakunan Wangsa Maju da kaina. Na samo su, 'yan Kano da Katsina masu karatun gwamnati, da 'yan Jos da Kafanchan, maza da mata. Babbansu wani Bitrus ne, mai karatun digiri na uku a injiniya, mutum mai fara'a da faɗin kafaɗa. Ya ce Anti Hajara, in dai shayi ne ai kin kira masu shi. Na ce musu su zo da tsabta, su zo da wuri, za a sha shayi da biskit. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ga inda na yi kuskuren, kuma ku saurara da kyau, don ba irin wanda ake koya wa mutum gudunsa a aji ba ne. Da safen ranar na tsaya ina kallon teburin gaba, kofuna goma sha biyu 'yan mitsi-mitsi, kowanne da biskit biyu a gefe. Sai na ji ba zan iya ba. Ni na je har ɗakunansu na kira su. Sun bar karatunsu, sun biya kuɗin jirgi, wasu ko karyawa ba su yi ba saboda na ce akwai shayi. Baƙina ne. A gidanmu in ka ba baƙo shayi a kofin da bai kai tafin hannu ba, gara ka ce masa ba ka so ya zo. Na tuna yadda za a yi da ni a ɗakunan nan, a ce Anti Hajara ta tara mutane ta ba su na ɗanɗano. Sai na shiga kantin abincin jami'ar na aro manyan kofuna goma sha biyu. Na ajiye wa kowa fakiti guda cur. Na kawo gwangwanin madara mai kauri da sukari, don na san namu ba sa shan shayi tsararo. Kuma da yake ba a ba mutum madara da sukari a hana shi abin juyawa, na jera cokula goma sha biyu. Hannuna ne ya yi, shekara tara da dokar Anti a kaina. Na kai su bayan labule Anti ta ɗauraye mini, ta dubi cokulan ta dube ni, aka kira ta wajen buta kafin ta yi magana, ni kuma na kwashe na fita.

Ɗalibai sun cika wurin. Baturiyar tana kujerar gaba kusa da Mista Lim, wata doguwa mai jan gashi, tana fifita da takarda. Nazifi ya hau dandamali da mayafinsa, ya ɗauki lasifika, ya yi ta bayani kan yadda ake shan shayin la'asar a Landan, har da yadda ake riƙe kofi. Ya yi minti ashirin. Shayin teburin gaba yana hucewa, mutanena kuma yunwa tana cinsu. Da ya ce a fara, ya juyo da masu kyamara kansu.

Bitrus ya yage fakitinsa, ya damƙi biskit shida a hannu ɗaya, ya murƙushe su a cikin kofi. Na kusa da shi ya yi haka. Cikin minti ɗaya mutum goma sha biyu, masu manyan digiri, sun sunkuya suna dama kunu, ƙarar cokula kawai kake ji. Wata 'yar Katsina ta ce a miƙo mata madara, nata bai yi kauri ba. Wani ya ce rabonsa da wannan tun yana aji uku, ranar da aka hana su abincin dare. Ba wanda ya yi don ɓatanci. An ba su babban kofi da fakiti da cokali, sun yi abin da duk wanda ya yi makarantar kwana zai yi.

Nazifi ya sauko da gudu, Turancin hancin ya gudu ya bar shi. Da Hausar Zariya tsantsa ya ce, “Don Allah Malam Bitrus me kuke yi haka? Tsomawa aka ce, tsomawa.”

Bitrus ya ɗago da cokali a baki ya ce, “To ai mun tsoma, ranka ya daɗe. Gaba ɗaya ma.”

Ɗaliban Malayawa da na China da ke baya suka ga abin ya fi gasar daɗi. Suka fara marmasa nasu a ƙananan kofuna, wasu suka ruga kantin abinci neman cokali. Aka yi wa kwalayen biskit rubdugu. Shayi ya zube a farin ƙyallen tebur. Baturiyar ta leƙa kofin Bitrus, ya miƙa mata cokali cikin ladabi ya ce ta ɗanɗana, ta ce ta gode. Na ga kunnuwan Mista Lim sun yi ja.

Anti ce ta fito daga bayan labule, hannunta da sauran kumfa. Ba ta karɓi lasifika ba. Ta jawo ƙaramin tebur gefe, ta zuba sabon shayi mai zafi a ƙananan kofuna biyu, ta kira wata yarinya da ta ga sauran suna kallo, ta ce su gwada wa zai riga wani karyawa. Cikin minti goma an yi layi. Ta riƙe wurin har la'asar da gwangwani ɗaya da ta ɓoye a ƙarƙashin kwanon wanki. Abin da aka samu na bidiyo mai amfani a ranar, duk hannunta ne a ciki. Amma Baturiyar ta riga ta tafi tun kafin nan.

Washegari Mista Lim ya tara mu a ɗakin ajiya. Nazifi ya riga ya wanke kansa, ya ce tsarinsa ba cokali a ciki. Mista Lim ya ce shi tambayarsa ɗaya, wa ya kai cokula da manyan kofuna teburin gaba. Na buɗe baki. Ina so in ce muku magana ta taho, amma ba ta taho ba. Takardata nake gani, da ranar da ke rubuce a jikinta.

Anti ta ce, “Ni ce lah. Ni na wanke su, ni na bayar. Na ga yaran manya ne, na ce ƙaramin kofi ba zai ishe su ba. Tsufa ne, bos.”

Ya dube ta ya ce shekara nawa tana hana mutane cokali. Ta ce shi ya sa ta ce tsufa ne. Ƙarshen wata ta ajiye rigar aikinta a kan kwali, a ninke, ta bar mini fulas ɗinta guda da ta ce ya fi na kamfani riƙe zafi. An sabunta mini takarda. Nazifi bai kai ƙarshen shekarar ba, na ji yana wani kamfanin yana koya musu yadda ake sayar wa matasa ruwan kwalba.

To wannan ita ce sana'ar da kuke cewa tsoma biskit ne kawai. Wanda yake so ya zo, sati biyu a ɗakin ajiya, kuma duk abin da ya karya shi zai shanye.

Sai da na shekara uku kafin na gaya wa Mista Lim gaskiya. Na shirya maganar kwana da kwanaki, na tsara ta da kyau kamar babin ƙarshe, inda kowa yake kuka a yafe wa juna. Na same shi yana duba kwalaye, na ce masa cokulan nan ni na ajiye su, ba Anti ba. Ya ɗago ya ce waɗanne cokula. Na tuna masa. Ya yi ɗan tunani, ya ce oh, wannan, ai ya wuce, sannan ya tambaye ni ko na kira mai gyaran buta.

A ranar na tafi Brickfields. Anti tana rumfar 'yar ƙanwarta a bakin titi, cikin masu sayar da furannin ibada, tana kan kujerar roba tana ƙulla fararen furanni a zare. Ta rame, gashin ya yi fari fat, amma yatsun suna gudu kamar da. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da na yi da abin da ya ce. Ta yi dariya har ta ajiye zaren.

Ta ce, “Ke kin ɗauka cokali ne ya kore ni? Tun ranar da yaron nan mai mayafi ya ce furfura, na san wadda za a bari. Ni dai ban so a ce mini tafi ba ne. Na fi so in faɗa da bakina.”

Na ce duk da haka da na yi magana. Ta ce eh, da kin yi. Ba ta ce ya wuce ba. Ta jawo wata kujera da ƙafa, ta zuba mini furanni a cinya, ta ce tun da na zo in yi amfani. Na ƙulla kamar kamu ɗaya, ta karɓa ta duba, ta warware shi gaba ɗaya, ta ce in sake.

Tana nan har yanzu, rumfa ta uku daga kwanar, daga safe zuwa azahar. Mista Lim ya aika mata sau biyu ta zo ta koya wa sababbin yara, da aiki ya dawo. Duka biyun ta ce a gaya masa tana da aiki.